Yadda zaka ci moriyar karatu a jami'ar ƙasar waje, ba kwali kaɗai zaka dawo dashi ba

Duk shekara idan lokacin tafiyar ɗalibai ya matso tambayoyin da ƙanne suke min iri ɗaya ne, yaya ake samun gurbi, yaya ake samun biza, wace sikolashif ce a buɗe yanzu. Babu laifi, amma da wuya kaji wanda yace to Yaya idan na sauka fa me zanyi, alhali nan ne aikin yake. Na ga mutum biyu sun tafi lokaci ɗaya, jami'a ɗaya, kwas ɗaya, bayan shekara biyu ɗaya ya dawo da kwali a jaka shikenan, ɗayan kuwa ya dawo da kwali da yare da aikin da hannunsa ya iya da malamai uku da zasu tsaya masa duk inda ya nemi aiki ko ƙarin karatu. Kuma ba wai yafi wancan ƙwaƙwalwa bane wallahi, shi dai ya riƙa ƙwanƙwasa ƙofofi ne, wancan yana ɗaki yana jira a kirashi. A can kuwa babu mai kiranka. Zan riƙa cewa "ka" amma 'yar'uwa har dake nake.

Mu fara tun kafin ka hau jirgi. Ka ɗauki hoton duk wata takarda mai muhimmanci, fasfo, biza, takardar samun gurbi, sakamakon makarantun baya, takardar haihuwa, takardar rigakafi, ka ajiye a imel ɗinka da kuma wani wuri na biyu, na asalin kuma su zauna a jakar hannu, kada ka kuskura ka sa su a akwatin da za'a auna domin akwati yana iya bin wani jirgin ya barka. Sannan ka zauna ka karanta sharuɗɗan bizarka da kanka a shafin gwamnatin ƙasar, ba abinda wani ya tura a guruf ɗin WhatsApp ba, domin dokokin nan canjawa suke kusan kowace shekara kuma wanda ya baka labari ƙila da tsohuwar doka ya tafi.

Maganar masauki kuma ayi hattara sosai. Sabon ɗalibi da bai iso ba shi ne abincin 'yan damfara, zasu sa hoton ɗaki mai kyau da kuɗi ƙasa da na kowa, suce mai gidan yayi tafiya ka turo kuɗin ajiya za'a aiko maka da makulli. Kada ka tura. Idan jami'a tana da ɗakunan ɗalibai ka fara da nan ko na zango ɗaya ne, idan ka san gari sai ka nemi wanda ya fi maka. Ranar da ka shiga ɗaki kuma kafin ka kwance kaya ka ɗauki hoton bango da ƙasa da banɗaki da duk wani abu da ka tarar a lalace, ka tura wa mai gidan ta imel, wannan hoton shi zai dawo maka da kuɗin ajiyarka ranar fita. A Ingila da Wales doka ta ce mai gida ya saka kuɗin ajiya a asusun kariya da gwamnati ta amince dashi cikin kwana 30, a Jamus kuma ba'a yarda ya karɓi fiye da kuɗin hayar wata 3 ba, wanda ba'a haɗa da kuɗin ɗumama ɗaki da sauransu ba. Sanin irin wannan kaɗai ya isa mai gida ya gane ba bagidaje ya samu ba.

Sati biyun farko na takardu ne, ka gama dasu da zafinsu. A Jamus kana da kwana 14 daga ranar da ka tare kaje kayi rajistar adireshinka a ofishin gari, kuma ba tare da wannan takardar ba abubuwa da yawa zasu tsaya maka cak. A Faransa bizar dogon zama sai ka tabbatar da ita ta intanet cikin wata 3 da sauka. A Amurka mai bizar ɗalibi ta F-1 idan ya sauya gida kwana 10 gareshi ya sanar da jami'in ɗaliban waje na makarantarsa. Ka buɗe asusun banki, ka sayi layin waya, kayi rajista da likita tun kana da lafiya ba sai zazzaɓi ya kwantar dakai ba, ka san lambar gaggawa, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada.

A cikin wannan satin ne jami'a take shirya taron tarbar sababbin ɗalibai, kuma yawancin mutanenmu basa zuwa, wai gajiyar hanya, wai ai surutu ne kawai. Kaje don Allah. Wannan ne kaɗai lokacin da kowa baƙo ne, kowa yana neman wanda zai yiwa magana, ɗan ƙasar ma da yazo daga wani gari bai san kowa ba. Bayan sati uku ko huɗu kowa ya samu mutanensa an rufe da'ira, shiga sai da wahala. A nan ne kuma za'a nuna maka laburare da cibiyar koyar da rubutu da ofishin neman aiki da ofishin masu bada shawara, duk abubuwan da kuɗin makarantarka ya riga ya biya, ko kayi amfani dasu ko kada kayi an riga an cire.

Mataki na gaba, kuma wannan ina so ka nutsu, ka fahimci yadda ake auna karatu a inda kake tun kafin jarabawar farko ta koya maka. Kowane kwas yana da takardar bayani da ake rabawa a farkon zango, a ciki an rubuta abinda za'a karanta kowane sati, ranar miƙa kowane aiki, da kason makin kowanne. Ka kwafe duk ranakun ka zuba a kalandar wayarka a rana ɗaya, ka sa ƙararrawa sati guda kafin kowanne. Sannan ka san ma'anar lambobin. A Birtaniya daga 70 ake shiga mataki mafi girma, wanda ya samu 65 yayi ƙoƙari sosai, kada kaga 62 ka shiga ɗaki kana kuka. A Jamus abin a juye yake, 1.0 shi ne ƙololuwa, 4.0 tsallakewa da ƙyar, 5.0 faɗuwa, kuma a jami'o'i da yawa idan ka faɗi jarabawar dole sau 3 an sallameka daga wannan fannin. A Faransa akan 20 ake bada maki, 10 an wuce, 16 kuwa abin alfahari ne.

Akwai wani lissafi da in ka gane shi rayuwarka zata canja. A tsarin ECTS da Turai take auna nauyin karatu dashi shekara guda kiredit 60 ce, kowane kiredit ɗaya kuma yana nufin aikin awa 25 zuwa 30. Kenan kwas mai kiredit 6 yana neman awa 150 zuwa 180 daga gareka, alhali zaman da zakayi a aji ƙila awa uku ko huɗu ne a sati, to ina sauran awowin suke? Suna laburare, suna teburinka, kai kaɗai. A Birtaniya mastas na shekara ɗaya kiredit 180 ne kowanne awa 10, awa 1800 kenan cikin wata 12. Shi yasa sabon zuwa yake duba jadawali yaga lakca kwana uku kacal a sati sai yace ashe karatun nan hutu ne, ya miƙe ƙafa, sai sati na goma ayyuka huɗu su faɗo masa lokaci ɗaya. Ka ɗauki karatun kamar aikin ofis, ka fita da safe ka zauna laburare ko da lakca ko babu, yamma tayi ka tashi. Wanda yayi haka baya kwanan zaune ana gobe jarabawa.

Yanzu ga inda nafi so in daɗe, wato malamai. Yawancinmu mun taso da ganin malami abin tsoro ne, ka gaishe shi ka sunkuyar da kai ka wuce, kada ka tambaya kada ace ka raina shi. Girmamawa abu ne mai kyau kada ka yar da ita, amma a jami'o'in nan shirun da kake yi ba ladabi suke ɗaukarsa ba, ɗauka suke baka karanta ba ko kuma baka damu ba. Kusan kowane lakcara yana da awa ɗaya ko biyu a sati da ya ware yana zaune a ofis ƙofa a buɗe yana jiran ɗalibai, kuma sau da yawa haka zai zauna babu wanda yazo. Wannan awar ita ce abu mafi daraja da kuɗinka ya saya.

Ni kaina sai da na sha kafin na gane. Aikin farko da na miƙa na zuba masa ƙarfina duka, na karanta littattafai na kawo abinda kowane masani ya faɗa na jera su tsaf, da sakamako ya fito makin ya yi ƙasa ƙwarai, a ƙasan takardar malamar ta rubuta wai ta ga ra'ayin kowa amma bata ga nawa ba. Abin ya min ciwo, kwana biyu ina juya shi a raina, a na uku na ɗauki takardar na tafi ofishinta gabana yana faɗuwa. Minti ashirin mukayi. Ta nuna min cewa ba a tambayeni me aka faɗa ba, an tambayeni ne wa yafi gaskiya a cikinsu kuma da wace hujja, ta ɗauki sakin layi ɗaya ta gyara shi a gabana. Wannan minti ashirin ɗin yafi min lakcocin zangon gaba ɗaya, kuma ita ce daga baya ta rubuta min takardar shaida.

Ga yadda zakayi. Kada kaje hannu rabbana kace ban gane komai ba, wannan babu mai iya taimakonsa. Kaje da tambaya ɗaya takamaimai, misali na karanta babi kaza, na gane har wuri kaza, amma daga nan zuwa nan na kasa ganin yadda aka tsallaka. Ko kaje da tsarin aikin da zaka rubuta a shafi ɗaya kace ga inda na dosa, hanya ce ko daji. Idan imel zaka tura ka yi shi gajere, ka sa sunan kwas a kan saƙon, ka faɗi ko kai waye a layi ɗaya, tambayarka a layi biyu, godiya, sunanka. Banda doguwar gaisuwa da tambayar iyali, ba rashin tarbiyya bane, mutumin yana da saƙo ɗari a gabansa. A karon farko ka kira shi da laƙabinsa, Dakta ko Farfesa da sunan mahaifi, idan ya amsa ya sa hannu da sunansa na farko ko yace ka kirashi haka to sai ka bi, a Jamus da Faransa dai an fi riƙe laƙabi fiye da Birtaniya ko Holan. Ka sa wa ranka kafin ƙarshen shekarar farko akwai malamai biyu da suka san sunanka da fuskarka da irin tunaninka. Kuma idan kaji wani yana bincike akan abinda yake burgeka, ka karanta takardarsa ɗaya kaje kace ko akwai inda zan taimaka, ko tattara bayanai ne ko wanke kwalabe a lab. Da yawan masu digirin digirgir ta wannan ƙofar suka shiga.

A aji ma haka, ka ɗaura wa kanka cewa kowane zaman tattaunawa sai kayi magana sau ɗaya, ka rubuta tambayar tun daga gida idan kana jin nauyi. Karin harshenka ba aibi bane, rabin ajin kowa da nasa.

Sai maganar satar rubutu, wadda ta kori ɗalibai masu ƙoƙari da yawa ba don mugunta ba sai don rashin sani. Duk jimlar da ka ɗauko daga wani, duk ra'ayin da ba naka ba ko da ka sauya kalmomin, sai ka faɗi inda ka samo. Aikinka na baya ma idan ka sake miƙawa a wani kwas laifi ne, haka idan kai da abokinka kuka haɗa aikin da aka ce kowa yayi nasa. Jami'o'i suna bi da ayyuka ta manhajar gano kwafe irin Turnitin, kuma abin baya tsufa, a 2011 ministan tsaron Jamus Karl-Theodor zu Guttenberg sai da ya sauka daga muƙaminsa bayan jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na dakta saboda kwafe. To ina kai mai bizar ɗalibi. Ka sauke Zotero, kyauta ne, duk abinda ka karanta ka adana shi nan take, shi zai jera maka madogara a salon da sashenku yake so. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma kowane kwas da dokarsa, wani ya yarda da sharaɗin ka bayyana, wani ya hana gaba ɗaya, ka tambaya a rubuce ka ajiye amsar. Idan kuma rashin lafiya ko rasuwa ta sameka aiki zai makara, akwai fom na neman ƙarin lokaci, ka cike shi kafin ranar miƙawa ba bayanta ba.

Yare. Ko da Turanci ake koyar da kwas ɗinka, idan ƙasar tana da harshenta ka koya, ban ce ka gwada ba, ka koya. Yawancin jami'o'i suna da ajin yare kyauta ko da rangwame kuma gurbin yana cika da wuri, kayi rajista a satin farko. Ma'aunin iya yare na Turai yana tafiya daga A1 har C2, wanda ya dage shekara biyu yana iya kaiwa B1 ko B2, kuma a nan ne ƙofar aiki take fara buɗewa. Masu sikolashif ɗin gwamnatin Turkiyya shekara guda cur ake basu ta koyon Turkanci, wasu suna ganin ɓata lokaci ne, nan gaba zasu gane ita ce ribar tafiyar. Aji kaɗai dai baya isa, ka nemi ɗan ƙasa mai son koyon yaren da ka iya ku riƙa musaya awa ɗaya a sati, ka juya wayarka zuwa yaren, a kanti idan mai sayarwa ya ga kana in'ina ya juya maka Turanci kai ka cigaba da nasu, zasu saba.

Wannan ya kawo mu ga abokai, kuma nan zan faɗi abinda wasu bazasu so ba. Samun 'yan ƙasarku a baƙon wuri rahama ce, su zasu ɗauko ka daga filin jirgi, su zasu zauna dakai ranar da labari mara daɗi yazo daga gida, kada ka guje su. Amma idan dasu kake kwana dasu kake tashi dasu kake aikin rukuni, to jikinka ne kawai yayi tafiya. Ka shiga ƙungiya ɗaya ta fanninka da ɗaya ta nishaɗi, ƙwallo ce, muhawara ce, aikin sa kai ne, duk wadda ake haɗuwa kowane sati, domin abota a can ba a rana ɗaya take ƙulluwa ba, yawan ganin fuska ne yake kawota. Idan aka ce a haɗa rukuni a aji ka tashi da gangan ka zauna da waɗanda baka sani ba. Kuma ba sai ka bar abinda ka yarda dashi ba kafin a karɓeka, idan aka gayyaceka wurin da bai dace dakai ba kace a'a nagode amma gobe mu haɗu a laburare ko filin wasa, mutane suna girmama wanda ya san iyakarsa ya faɗe ta ba tare da zagi ba. Wancan ɗan Indiya ko 'yar Brazil da kuke raba kwamfuta a lab, nan da shekara goma baka san kujerar da zasu zauna ba.

Aiki da kuɗi. Kowace ƙasa da iyakar awowin da ɗalibi zai yi aiki kuma ba'a wasa da ita. Birtaniya awa 20 a sati lokacin karatu ga masu digiri, kuma ba'a yin matsakaici, wato baka isa kayi 30 wannan satin 10 wancan ba, sannan bizar ɗalibi bata yarda kayi sana'ar kanka ba. Amurka awa 20 a cikin makaranta kawai sai in an baka izini na musamman. Kanada awa 24 a wajen makaranta tun ƙarshen 2024, Ostireliya awa 48 a sati biyu, Faransa awa 964 a shekara, Jamus cikakkun kwana 140 ko rabin kwana 280 a shekara tun Maris 2024. Ka sake dubawa kafin ka sa hannu a kowace takarda. Shawarata idan da hali ka nemi aikin cikin jami'a, laburare ko taimakon malami, ko da kuɗin bai kai na waje ba, domin sun san lokacin jarabawa kuma yana shiga CV. Na ga waɗanda daɗin albashi ya ja su suka koma ma'aikata masu ɗan taɓa karatu, lakca ta fara wucewa, kuma a ƙasa irin Birtaniya jami'a dole ne ta kai rahoton ɗalibin da ya daina halarta, daga nan biza ta tafi. Abin tausayi ne matuƙa.

Wani abu kuma, duk wanda yace ka ara masa asusun bankinka a turo kuɗi ka tura gaba a baka kaso, ko ɗan garinku ne ko abokin ɗakinka, kace a'a. Banza bata kai zomo kasuwa. Kuɗin sata ake wankewa da sunanka, banki zai rufe asusun, 'yan sanda kuma kai zasu nema ba shi ba. Haka masu kira suce daga ofishin shige da fice suke ka biya tara yanzu ko a koreka, ka kashe wayar ka tafi ofishin ɗaliban waje ka faɗa musu.

Akwai lokacin da zuciya zata yi nauyi, gara ka sani tun yanzu. Tun 1955 wani masani ɗan Norway mai suna Sverre Lysgaard ya bi ɗaliban ƙasarsa da suka je Amurka da tallafin karatu na Fulbright, ya lura farkon zuwa daɗi ne, a tsakiya sai kewa da ƙunci su sauko, daga baya mutum ya daidaita. Ba kowa ne yake bin wannan layin daidai ba amma da yawa zasu ce maka haka ne. Idan ƙasar sanyi ce abin yana haɗuwa da duhu, a Landan cikin Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, sai kaji barci baya isarka, komai baya maka daɗi, kana ganin kamar kai ne ka gaza. Ba gazawa bace. Ka fita da rana ko minti ashirin ne, ka motsa jiki, ka koyi girki kada ka rayu akan abincin leda, hukumar lafiya ta Birtaniya ma tana ba da shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 kullum a kaka da hunturu, masu duhun fata kuma duk shekara. Ka sa ranar kiran gida, amma kada ka kwana a waya kana rayuwar can alhali kana nan. Idan abin ya wuce sati biyu baka iya tashi baka iya karatu, kaje wurin masu bada shawara na jami'a, sirri ne kuma ba hauka bane. Idan wani ya nuna maka wariya a aji ko a masauki ka rubuta rana da lokaci da abinda aka faɗa ka kai ƙara, akwai ofishin da aikinsa kenan.

Ofishin neman aiki kuma kada ka bari sai shekarar ƙarshe. Kaje a zangon farko da CV ɗinka su gyara maka shi zuwa salon ƙasar, su yi maka gwajin intabiyu. Mai mastas na shekara ɗaya a Birtaniya musamman ya sani manyan kamfanoni suna buɗe ɗaukar masu kammalawa tun daga Satumba zuwa ƙarshen shekara, wato kana sauka an fara, wanda ya jira sai ya gama rubuta kundi ya tarar an kwashe. Ka nemi aikin koyon sana'a na hutu ko da wata biyu ne, ka zaɓi taken kundinka akan matsalar da wani zai biya kuɗi a warware masa ita ko wadda ƙasarku take fama da ita, ka buɗe LinkedIn ka riƙa haɗa duk wanda kuka yi magana a taro tun ranar. Idan a Turai kake ka tambayi Erasmus, shirin musayar ɗalibai da aka fara tun 1987, ɗalibin da yake da rajista a jami'ar da ke cikin shirin yana iya nema ko daga wace ƙasa ya fito, zango guda a wata ƙasar ko aikin koyo da ɗan tallafi. Yawo ma ka yi daidai aljihunka da katin rangwamen ɗalibi, mai izinin zama a ɗaya daga ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, yana iya zaga sauran har kwana 90 cikin 180, mai F-1 kuma kada ya bar Amurka sai an sa masa hannun tafiya a fom ɗinsa na I-20 da makaranta ta bashi.

Wata shida kafin ka gama sai ka fara haɗa kan kayanka na gaske. Ka yanke shawara zama zakayi na ɗan lokaci ko komawa, ka duba abinda ka sa wa hannu, domin mai sikolashif ɗin Chevening na gwamnatin Birtaniya alal misali ya yi alƙawarin komawa gida na aƙalla shekara 2. Idan zama ne, Jamus tana bada wata 18 na neman aiki, Holan shekara 1, Amurka kuma izinin aiki bayan karatu mai suna OPT na wata 12 da ƙarin wata 24 ga masu fannin kimiyya da fasaha, kuma ana iya neman OPT ɗin tun kwana 90 kafin ranar kammalawa, jinkiri a nan yana cinye damar gaba ɗaya. Kaje wurin malaman nan biyu ko uku ido da ido ka roƙi su zama masu shaidarka tun suna tuna aikinka, ka basu CV da bayanin inda ka dosa, ka karɓi hanyar da zaka same su ko sun bar jami'ar. Ka kwashe duk ayyukanka da takardun da ka tara daga imel da ma'ajiyar makaranta domin ana rufe su bayan ka fita. Ka karɓi tiransikirif, wato takardar makin kwasa-kwasanka, fiye da kwafi ɗaya, ka tambaya ko inda zaka kai takardun suna neman hatimin tabbatar da sahihancin takarda da ake kira apostille, na yarjejeniyar Hague ta 1961, ko kuwa tantancewar ofishin jakadanci, kayi shi kana ƙasar, yinsa daga nesa wahala ce ta watanni. Ka sanar da mai gida a rubuce cikin wa'adin da yarjejeniyarku ta faɗa, ka soke rajistar adireshi idan ƙasar tana buƙata, ka tsayar da inshora da kwangilar waya, asusun banki kuma ka barshi a buɗe har sai kuɗin ajiyar ɗakinka ya shigo sannan ka rufe.